Facebook, X, WhatsApp ko Signal: a ina mai fafutuka zai kafa rumfarsa?

Wata Asabar da yamma, cikin tsakiyar sanyin Jos, muka taru mu tara a wani ajin Islamiyya na unguwarmu, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Abin da ya tara mu rijiyar burtsatse ce da takarda ta nuna an kammala an kuma biya kuɗinta, alhali a filin da aka ware mata ko rami ba a haƙa ba. Babu wanda ya yi musun cewa sai an yi magana. Inda aka rabu shi ne a ina za a yi ta. Wani ya ce Facebook, domin can jama'armu suke. Wani matashi da ya yi hidimar ƙasa a Abuja ya ce idan ba a X aka ɗora ba, manya ba za su taɓa gani ba. Wata malamar firamare ta ce a buɗe zauren WhatsApp a zuba kowa da kowa. Sai wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofa, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ce: "Yarana, kafin ku zaɓi wurin da za a ji ku, kun tambayi kanku wa ke sauraren ku?"

Wannan tambaya ta Baba ita ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Abubuwa biyu ne muke cakuɗawa kullum. Na farko, ina zan tsaya muryata ta kai nesa. Na biyu, ina zan zauna da abokan tafiyata mu tsara aiki ba tare da an san wa ya ce me ba. Na daɗe ina amfani da waɗannan manhajoji, kuma ban ga guda ɗaya da ke biyan buƙatun nan biyu a lokaci guda ba. Wadda ta ba ka taron jama'a ta tsiraita ka, wadda ta rufa maka asiri kuma ba kowa a cikinta.

Bari in fara da Facebook, tunda ita ce kasuwar Bahaushe. A nan ne malamai suke, da 'yan kasuwar Terminus, da hadiman 'yan siyasa, da 'yan uwanmu da ke Kano da Legas da Makka. Kana iya yin dogon rubutu da Hausa a karanta shi har ƙarshe, ka ɗora hoton takarda, ka yi bidiyo kai tsaye. Ga batun unguwa irin namu, babu dandalin da ya kai ta kawo mutanen da abin ya shafa.

Sai dai ba kai ne ke raba rubutunka ga mabiyanka ba. Akwai tsarin lissafi, wanda ake kira algoridim, da ke zaɓa wa kowane mutum abin da zai fara gani idan ya buɗe wayarsa. A watan Janairun 2018 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa fifita rubutun da ke jawo tsokaci da musayar magana. Daga baya, takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar a 2021 suka nuna cewa tun 2017 an riƙa ba alamomin motsin rai, har da alamar fushi, nauyin da ya ninka na dangwala "layik" sau biyar, kafin a rage shi. Ma'anar wannan a aikace kowa ya gan ta da idonsa. Ka ɗora hoton takardar kwangila da bayani cikin natsuwa, mutane ƙalilan su gani. Wani ya ɗora zagi da sunan mutum, kafin Magariba ya zagaye gari. Jarabawar mai fafutuka a Facebook ke nan: dandalin yana biyan ka lada idan ka hura wuta.

Mu mutanen Jos bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan haɗarin wannan ba. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa daga can suke, binciken BBC kuma ya nuna wasu daga cikinsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. An tare hanya, an kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda zai yi gwagwarmaya a wannan gari ya san kalma ɗaya tana iya zama ashana. Shi ya sa nake ganin dabarar da ta dace da Facebook ita ce ka nemi tsokaci ta hanyar tambaya ta gaskiya, ba ta hanyar tunzuri ba. "Wa ya san ranar da aka zo auna filin nan?" tana jawo amsa hamsin daga mutanen da suka shaida, injin kuma yana ganin motsi ya ƙara tura rubutun gaba, ba tare da ka zagi uban kowa ba.

Ta fuskar sa ido kuwa, Facebook ba ta buƙatar wata na'urar leƙen asiri. Ƙa'idarta ita ce ka yi amfani da sunanka na gaskiya, kuma da hannunka ka ɗora hoton ɗaurin aurenka, da makarantar yaranka, da ƙofar shagonka. Mai neman ka minti goma ya ishe shi. Ga kuma 'yan bangar intanet da ake ɗauka aiki su taru su yi ta kai ƙarar shafinka har a rufe shi ko a rage masa tafiya. Injin tace rubutu bai iya Hausa kamar yadda ya iya Turanci ba, yakan bar barazana ta fili ta wuce, ya kuma kama mai ba da labarin kisa kamar shi ne mai kiran a yi kisan. Dalilin da ya sa za ka ga mutane suna raba kalma da ɗigo ko tauraro ke nan, ko su rubuta maganar a kan hoto. Wannan dabara tana aiki wani lokaci, amma tana sa mai neman batun da kalmarsa ba zai same shi ba. Kuma ko manyan gangami ba su tsira ba: a watan Oktoban 2020 Instagram ta riƙa liƙa wa rubuce-rubucen #EndSARS tambarin labarin ƙarya bisa kuskure, sai da ta fito ta ba da haƙuri. A Fabrairun 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta ce ta daina tura batutuwan siyasa ga waɗanda ba su nema ba a Instagram da Threads, a Janairun 2025 kuma ta janye matakin. Ana sauya dokar kasuwar daga Amurka, kai da ka kasa kaya a ciki ba wanda zai shawarce ka.

X, wadda muka sani da Twitter, ƙaramar kasuwa ce idan aka kwatanta, amma masu saye a cikinta manya ne. 'Yan jarida, lauyoyi, ƙungiyoyin ƙasashen waje, masu magana da yawun ma'aikatun Abuja, duk suna leƙawa. Tarihi ya goyi bayan saurayin nan namu mai hidimar ƙasa. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a ranar 14 ga Afrilun 2014, maudu'in #BringBackOurGirls ya tashi daga Twitter ya kai har Fadar White House. Abin da ake mantawa shi ne ba maudu'in kaɗai ya riƙe maganar ba. Su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da sauran jama'a sun yi ta zaman dirshan a Unity Fountain da ke Abuja kullum, rana da ruwan sama, kowane zama kuma yana haifar da sabon hoto da sabon labari. Haka gangamin #SaveBagega na su Hamzat Lawal, wanda ya matsa har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega na Zamfara daga gubar dalma a farkon 2013: akwai mutane a ƙasa suna kawo hujja, Twitter kuma tana kai ta kunnen da ya dace.

Amma X ta yau ba Twitter ta wancan lokaci ba ce. Tun da Elon Musk ya saye ta a Oktoban 2022, shuɗin maki, wato alamar tantance mai shafi, ya zama na kuɗi, kuma amsar wanda ya biya ita ake ɗorawa a sama. Rubutun da ke ɗauke da adireshin wani shafi na waje ba ya tafiya kamar wanda aka rubuta komai a ciki, shi ya sa masu wayo ke sa adireshin a amsa ta biyu. Hausa zalla ba ta nisa a can, sai ka haɗa da Turanci. Sannan dandali ne da aka taɓa rufewa gaba ɗaya: gwamnatin Buhari ta dakatar da shi daga 5 ga Yunin 2021, bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, amma wata bakwai sun riga sun wuce. Wanda duk mabiyansa a can suke, ya wayi gari ba shi da kowa sai ta VPN, manhajar da ke zagaye toshewar intanet.

X tana barin ka ka yi amfani da sunan aro, kuma wannan fa'ida ce ta gaske. Kada dai ka ɗauka sunan aro sulke ne. Idan da layin wayarka ka buɗe shafin, ko hoton da ka ɗora ya nuna tagar ɗakinka, ko salon maganarka iri ɗaya ne da na shafinka na Facebook, an gama gane ka. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 shi ne sandar da aka fi dukan masu rubutu da ita. An yi masa gyara a Fabrairun 2024, aka rage faɗinsa, amma kame bai tsaya ba. Tun kafin nan mun ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwamban 2022 kan saƙo ɗaya game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Kuma har yau zuciyata tana sosuwa idan na tuna Abubakar Idris Dadiyata, mai sukar 'yan siyasa a intanet, wanda aka ɗauke a ƙofar gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019, iyalinsa suna jira har yanzu.

TikTok ba zan daɗe a kanta ba. Tana iya kai bidiyon wanda ba shi da mabiyi ko ɗaya ga dubban mutane cikin dare guda, domin tana duba ko an kalli bidiyon har ƙarshe ne, ba yawan mabiya ba. Farashin shi ne fuskarka da muryarka, kuma a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala da tara da share harabar kotu kan bidiyon barkwanci game da gwamnan lokacin. Idan za a yi amfani da ita, a nuna filin da babu rijiya, a nuna mata da jarkoki a layi daga baya, murya kuma ta zama ta wanda ya shirya a san shi.

Yanzu ga inda aka fi yaudarar kai, wato WhatsApp. Malamarmu tana da gaskiya ta wani ɓangare. A cikin zaure babu algoridim, saƙo yana zuwa ne bi da bi yadda aka turo shi. Saƙon murya yana isa ga iyayenmu da ba sa karatun boko. Tun Afrilun 2016 kuma saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, ta yadda kamfanin layi ko mai tare hanya ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024.

To amma kullen yana kare saƙo ne a kan hanya kawai. Da ya sauka a wayar mutum ɗari uku, ya zama na mutum ɗari uku. Na ga wannan da idona a wani zaure da muka buɗe shekarun baya kan gyaran wani asibitin unguwa. Wani ɗan uwa ya yi saƙon murya cikin ɓacin rai da misalin ƙarfe goma na dare, ya ambaci sunan wani jami'i. Kafin a idar da sallar Asuba an kira shi daga lambar da bai sani ba, aka kunna masa muryarsa, aka karanto masa sunan layin gidansu. Ba wata na'ura aka sa ba. Ɗaya daga cikinmu ne ya tura. Matarsa ta zo har gidanmu tana kuka, tana cewa, "Yaya, don Allah ku cire shi daga wannan abu, yaranmu ƙanana ne." Muka cire shi, zauren kuma bai sake yin rai ba, kowa ya koma turo addu'ar Juma'a.

Ƙari a kan haka, a zaure na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa, kuma tun umarnin Disambar 2020 kowane layi a Najeriya ana ɗaure shi da lambar NIN, wato da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Jerin 'yan zaure, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, rajista ce cikakkiya. Sashe na 38 na dokar nan ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar masu layi na shekara biyu, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, kuma tana da ƙa'idojin tare sadarwa bisa doka tun 2019. Ko ba a ji abin da ka faɗa ba, sawunka yana nan: wa ka kira, yaushe, kana kusa da wane ƙarfen sabis. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu iya bin sawun waya da sauraren kira na layi, a rahotonta na Disambar 2020. Wannan ya isa ya sa kiran layi da saƙon tes su zama na gaisuwa kawai. Sannan akwai ajiyar saƙonni da WhatsApp ke turawa Google Drive, wadda ba ta cikin kullen sai ka shiga saiti ka kunna da kanka, abin da aka samar tun 2021 amma mutane ƙalilan suka san da shi.

Telegram kuwa sunanta ya fi aikinta. Mutane da yawa suna komawa can da zaton ta fi sirri. Zaurukanta, masu ɗaukar har mutum 200,000, ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, saƙonnin suna zaune a rumbun kamfanin. Hirar sirri da take da ita ta mutum biyu ce kawai, kuma sai ka zaɓe ta. Bayan kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, sun bayyana cewa za su iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na mai amfani idan hukuma ta zo da buƙata ta shari'a. Tana da kyau wajen ajiye manyan bidiyo da takardu. Ban ga dalilin tsara wani abu mai haɗari a cikinta ba.

Signal ita ce ɗakin ciki. Gidauniya ce ke tafiyar da ita ba kamfanin talla ba, kuma fasahar kullenta ce ma WhatsApp ta ara. Bambancin yana wajen sawu: lokutan da kotunan Amurka suka nemi bayanan wasu masu amfani da ita, abin da ta iya bayarwa shi ne ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau. Tun 2024 kana iya ba mutum sunan da ka zaɓa maimakon lambarka, ka kuma ɓoye lambar daga 'yan zaure. Kana iya sa saƙo ya goge kansa bayan awa ɗaya ko kwana ɗaya. Aibinta a fili yake. Ba kowa ke da ita ba, wayoyin da yawancinmu ke riƙewa sun cika maƙil, sai an goge hotunan biki kafin ta samu wuri, kuma har yanzu sai da lambar waya ake yin rajista. Idan kuma ka zuba mutum ɗari uku a cikinta, ka dawo gidan jiya, domin babu manhajar da ke hana munafuki ɗaukar hoton allo da wata wayar.

Akwai abu ɗaya da ya fi ƙarfin dukkansu: wayar da kanta a hannun wani. Lokacin da sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri a Janairun 2019, kwamfutoci suka kwashe. Wanda aka tsare a hanya, yatsansa ake kamawa a ɗora a kan waya ta buɗe. Don haka lambar sirri mai tsawo ta fi zanen yatsa ranar da za a fita, kuma lambar tabbaci ta biyu a WhatsApp da Signal tana hana wanda ya yi maka sabon layi da lambarka ya gaje asusunka. A tuna kuma da Zamfara a Satumban 2021, inda aka kashe sabis a jihar baki ɗaya na makonni, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar da hakan ta faru, abin da zai rage shi ne lambobin da aka rubuta a littafi, da shirin kiran waya na gidan rediyo idan akwai, da sanin ƙofar gidan juna.

Ga abin da muka tsayar a ajin nan kafin a kira Magariba. Maganar rijiya za ta fita a Facebook, a shafi mai sunan unguwa ba sunan mutum ba, da hoton takarda da hoton fili, babu sunan kowa sai abin da takardar ta ɗauka, kuma mutum biyu za su karanta kowane rubutu kafin a sake shi. Saurayinmu zai ɗauki abu ɗaya ya mayar da shi Turanci a X, ya jawo hankalin 'yan jarida da masu bin diddigin ayyukan mazaɓu irin su Tracka. Zauren WhatsApp zai kasance na sanarwa, shugabannin zaure kaɗai ke iya turawa, kuma duk abin da aka sa a ciki a ɗauka an faɗe shi ne a lasifikar masallaci. Mu biyar da za mu riƙa zuwa ofisoshi da ajiye asalin takardu muka koma Signal, saƙo yana gogewa bayan kwana ɗaya. Telegram da TikTok muka ajiye su gefe tukuna.

Da aka tashi, Baba ya miƙo mini tsohuwar wayarsa mai maɓalli, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya ce, "To ni ɗana, wanne za ka sa mini a ciki?" Na ce masa wannan ba ta ɗaukar ko ɗaya. Ya mayar da ita aljihu, ya ce to shi aikinsa shi ne gobe bayan Asuba zai je gidan mai unguwa da ƙafarsa, ya tambayo ranar da aka zo auna filin da kuma su wa suka zo.